Awa 6 aiki, awa 12 hutu: ina wahalar take ga sojan jirgin ƙarƙashin ruwa?

ƊanGwandu
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu sanin harkar. Ana yawan cewa a duk aikin soja babu mai shan wahalar duti kamar sojan jirgin yaƙi mai nitso, har ma ana ƙara musu alawus na musamman saboda haka. To amma tsarin da aka ce suna bi, awa 6 ne mutum zai yi a kan aiki, ya huta awa 12. Mai gadi a nan Birnin Kebbi yana kama aiki 6 na yamma, sai 6 na safe ya tashi. Nas ma tana kwana tsaye a asibiti. A lissafina dai wancan gata ne, ba wahala ba. Ko akwai abin da ya shige mini duhu?

InjiniyanJega
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tara 6 da 12 ka gani. 18 za ka samu, ba 24 ba, kuma nan gizo ke saƙa. Tsarin na sojan ruwan Amurka ne, sun bi shi tun shekarun 1960 har zuwa 2014. Ana raba ma'aikatan jirgi kashi uku, kowane kashi ya yi awa 6 a kan aiki, don haka zagaye yana cika a awa 18 sai a sake. Wato ranarsu awa 18 ce.

Bi mutum ɗaya ka gani. Ya kama duti ƙarfe 12 na daren Lahadi, ya sauka 6 na safiyar Litinin. A ranar Litinin ɗin zai koma 6 na yamma, ya sauka 12 na dare. Talata dutinsa 12 na rana zuwa 6 na yamma. Laraba 6 na safe zuwa 12 na rana. Sai 12 na daren Laraba ya dawo inda ya faro. Duti huɗu ke nan a kwana uku, kuma lokacin kwanciyarsa kullum yana matsowa baya da awa 6. Yau barcinsa da hantsi, gobe da tsakar dare, jibi da magariba. A mako awa 56 ne a kan duti, babu Juma'a babu Lahadi, wata biyu ko uku a jere.

Bakabe_77
To ai Injiniya, ƙasan ruwa babu rana babu wata. Tunda ba ka ganin gari, mi ad damuwarka da 18 ko 24? In anka kashe hitila sai ka kwanta, shi ke nan.

NasTaDare
Malam Bakabe, da haka ne da an huta. Jikin ɗan Adam yana da agogonsa a cikin ƙwaƙwalwa, kuma ko an rufe mutum a ɗaki mai duhu agogon nan zai ci gaba da zagayawa a kan awa 24 da 'yan mintoci. Hasken rana ne ke saita shi kowace safiya. Ana iya matsar da shi, amma kaɗan-kaɗan, kamar awa ɗaya zuwa biyu a rana. Awa 6 kullum ba zai taɓa biyuwa ba. An gwada wannan a kan sojojin jiragen nitso na Amurka, aka riƙa auna sinadarin melatonin, wanda ke kawo barci, sai aka tarar jikinsu yana nan a kan abin da ya ɗan haura awa 24, duk da jirgin yana tafiya a kan 18.

Ma'anarsa, wani lokacin za a ce wa mutum ya kwanta alhali jikinsa yana tsakar rana, sai ya yi ta juyi. Wani lokacin kuma a zaunar da shi gaban na'ura a daidai lokacin da zafin jikinsa ya sauka ƙasa, irin ƙarfe 3 zuwa 5 na asuba a agogon jiki, lokacin da hankali ya fi raunana. Alhazanmu sun san yadda tazarar awa 2 tsakaninmu da Saudiyya ke ɗan rikita barci a kwanakin farko. To wannan ninki uku ne, kuma kowace rana ake sabuntawa. Abin da ke biyo baya sananne ne: ciwon kai, ƙwannafi, cushewar ciki, saurin fushi, mantuwa, da gyangyaɗin daƙiƙa biyu ko uku wanda mai yinsa zai rantse idonsa biyu.

TsohonSaje
Yarona ƊanGwandu, awa 12 ɗin da kake hange a takarda take. Bari in warware maka ita.

Ana tashin mutum kusan awa guda kafin duti. Ya wanke fuska, ya ci abinci, ya zagaya sashensa ya duba famfo da bawul da mita ɗaya bayan ɗaya da idonsa, ya karanta rajistar da wanda zai karɓa ya cike, sannan su tsaya baki da baki a miƙa aiki: wane inji ke tafiya, wanne aka kashe, wane bawul aka rataya wa alamar kada a taɓa. Duk wannan daga hutunsa ake yanka. In ya sauka, sai abinci, sai sharar sashe, sai gyaran da aka tsara wa injuna, don ba a ɗauko wasu makanikai daban an ajiye a jirgi ba. Wanda ya yi gadin inji shi zai kwance shi ya canza masa mai da tace. Sai lacca, sai jarrabawa.

Ga kuma atisaye: gobara ta tashi, ruwa ya ɓalle, injin nukiliya ya mutu. Ƙararrawa in ta kaɗa ba ruwanta da wanda bai yi awa guda da kwanciya ba. Kowa zai diro ya sa abin rufe fuska, ya jona tiyonsa a bututun iskar gaggawa da ke bin rufin jirgi, in zai matsa gaba ya riƙe numfashi ya cire ya jona a na gaba. Sau ɗaya a mako kuma akwai shara ta gaba ɗaya, ta awanni.

Wanda ya fi shan ta shi ne sabon shiga. Ana ba shi kamar shekara guda ya san dukkan jirgin, daga tankunan nitso har layin wuta da hanyar kashe gobara a sashen da ba nasa ba. Kowane fanni sai wani gwani ya yi masa tambayoyi ya sa hannu a katinsa, a ƙarshe ya zauna gaban kwamiti kafin a liƙa masa bajen kifin dolfin. In ya makara a jadawali, ana ɗora masa awannin karatu na dole. Daga ina za a ciro su? Daga barci.

ƊanGwandu
Na gode Baba Saje. To in abin haka yake, me ya kai su ƙirƙiro shi tun farko?

InjiniyanJega
Kafin nan awa 4 aiki, awa 8 hutu ake yi, sau biyu a rana, wanda har gobe jiragen kasuwanci da yawa shi suke bi. Wancan ya dace da awa 24, amma hutun a rabe yake gida biyu, kuma in ka cire abinci da gyara ba a samun barci mai tsawo a ko wanne. Da jiragen nukiliya suka zo, na farkonsu USS Nautilus a 1954, aka fara daɗewa a ƙasa makonni ba fitowa, sai aka ga hutun awa 12 a dunƙule ya fi. Ya kuma yi wa kicin daidai, ana dafa abinci kowace awa 6, sau huɗu a rana. Sannan babu wanda zai ce shi aka jibga wa dare, kowa yana ɗanɗanawa. Adalci ne a ido, illar kuwa kowa ta shafa.

BarikinZuru
A lura dai, 'yan'uwa, ana ta magana kamar har yanzu haka ake yi. An daina. Bayan binciken shekaru da cibiyar lafiyar ma'aikatan jiragen nitso da ke Groton a jihar Connecticut ta yi, a 2014 aka umarci jiragen su koma ranar awa 24. Wanda aka fi bi yanzu shi ne awa 8 aiki, awa 16 a waje. Ku yi lissafi: 8 sau 7, awa 56 ne a mako, daidai da na da. Ba a rage wa kowa ko minti ɗaya na aiki ba. Abin da aka canza kawai, mutum yana kwanciya a lokaci ɗaya kullum, jikinsa ya saba. Wannan shi ne amsar tambayar ƊanGwandu a taƙaice.

Jiragen yaƙin Amurka masu tafiya a saman ruwa kuwa sai da aka yi asara kafin a tilasta musu irin wannan. A 2017 USS Fitzgerald ya yi karo da jirgin dakon kaya kusa da Japan, sojoji 7 suka mutu, bayan wata biyu USS John S. McCain ya yi nasa kusa da Singafo, 10 suka mutu. Gajiya tana cikin abubuwan da binciken ya ambata.

MaiSona_Yauri
Yallaɓai BarikinZuru, gaskiya ka faɗa, amma kada a ɗauka awa 8 ɗin kyauta ce. Tana da nata farashin. Jirgi a ƙasa ba shi da taga, da kunne yake gani. Mai aikin sona, wato na'urar sauraron sauti a cikin ruwa, yana zaune da abin ji a kunne, idonsa a kan allon da layuka ke gangarowa, yana neman siririn layi ɗaya da zai nuna farfelar wani jirgi a cikin hayaniyar kifaye da igiyar ruwa. Tun 1948 wani masani ɗan Birtaniya, Norman Mackworth, ya nuna cewa mai sa ido a irin wannan aiki yana fara kuskuren gani bayan rabin awa na farko. Shi ya sa ba a barin mutum a kujera ɗaya, ana juya su tsakanin alluna, a ba wani ya miƙe ƙafa. Da duti na awa 6 ma sai an yi haka, balle 8. Awa biyun ƙarshe su ne masu haɗari.

Na biyu, in an kafe kowa a lokacinsa, to akwai kashin da kullum shi ke dare a agogon jirgi. Manyan hafsoshi kuwa sun fi son shirya atisaye da taro da rana, lokacin da wannan kashin ke barci. In kwamanda bai riƙa juya lokacin atisaye ba, kashi ɗaya ne zai riƙa biyan kuɗin kowa.

TsohonSaje
Haka ne. Kuma ku ƙara da wannan: kashi uku yana yiwuwa ne in akwai mutum uku da suka ci jarrabawar wannan kujerar. In ɗaya ya kwanta ciwo, ko sabon bai kammala katinsa ba, mutum biyu ne za su raba ta, wannan ya sauka wancan ya hau, har sai an samu na uku. Kowace doka aka rubuta a hedikwata, ƙarancin gwanaye yana rusa ta.

InjiniyanJega
Wannan rabon mutum biyu da Baba Saje ya kawo a matsayin larura, a jiragen nitso na Birtaniya shi ne tsarin yau da kullum ga da yawa daga ma'aikatan: awa 6 aiki, awa 6 hutu, kashi biyu. Kashi ɗaya 7 na safe zuwa 1 na rana, da 7 na yamma zuwa 1 na dare. Ɗayan 1 na rana zuwa 7 na yamma, da 1 na dare zuwa 7 na safe. Awa 12 a rana, 84 a mako. Alherinsa, lokutan ba sa motsi, jiki yana iya sabawa. Sharrinsa, a cikin awa 6 in ka cire miƙa aiki, abinci, wanka da tashi kafin lokaci, abin da zai rage bai fi awa 4 da ɗan kai ba. Don haka mutum ba zai taɓa samun barcin awa 7 a jere ba har a dawo gida. Yawanci sai ya mai da hutu ɗaya babban barci, ɗayan ya ɗan rintsa ya yi sauran hidima.

NasTaDare
Kuma barcin da aka gutsuttsura ba ya kai dunƙulalle ko da jimillar ɗaya ce. Barci zagaye-zagaye yake, kowanne kamar minti 90. Mai nauyi yana zuwa a farko, mai mafarki yana yawaita a ƙarshen dare, kuma shi ne ake yankewa in an tashi mutum a awa huɗu. Sannan wanda aka fizgo daga barci mai nauyi yana ɗaukar minti 15 zuwa 30 kafin kansa ya dawo daidai. Wanda ke tashi sau biyu a rana yana biyan wannan sau biyu.

Bakabe_77
Ni abin da ya ɗaure mini kai, an ce ko gadon ma ba kowa ad da nashi ba. Gaskiya ta?

MaiSona_Yauri
Gaskiya ce, musamman a jiragen nitso masu farautar wasu jirage. Irin Virginia na Amurka yana ɗaukar mutum sama da 130, gadaje kuwa ba su kai ba. Sai a ba ƙananan sojoji uku gado biyu, tunda kowane lokaci ɗaya yana kan duti. Wanda ya sauka yana tarar da katifa da ɗumin wanda ya tashi, kowa da bargonsa ko jakar barcinsa. Wasu kuma ana shimfiɗa musu a ɗakin makaman tofido, waɗanda ake harbawa ta cikin ruwa, kusa da makaman. Gadon hawa uku ne, tsakanin katifa da na sama bai kai rabin mita ba, ba a iya zama sai dai a mirgina a shiga a ja labule. Kayanka duka suna cikin wata 'yar akwati marar zurfi a ƙarƙashin katifar. Ɗakin kwana kullum a duhu yake saboda kullum akwai mai barci, kuma mai tashin mutane yana zuwa da tocila ne ya kira suna a hankali. In ya kuskure labule, ya tashi wanda bai kamata ba.

Wannan rabon gado ma yana ɗaure jadawali. Ba za ka canza wa mutum ɗaya lokacin duti ba sai ka duba da wa yake raba gado.

Ɗalibar_Aliero
Don Allah iskar da suke shaƙa fa? Na ɗauka tankunan oksijin ake cikawa a tafi da su, in sun ƙare a fito.

InjiniyanJega
A'a ƙanwata, a jirgin nukiliya ƙera ta ake yi. Ana tace ruwan teku a cire gishiri, a sa masa lantarki ya rabu gida biyu, oksijin a sake shi cikin jirgi, haidirojin a fitar da shi waje. Iskar kabon da mutane ke fitarwa kuma ana kama ta da wani ruwan sinadari mai suna amin, wanda warinsa ke kama tufafi da gashi har gida. Akwai wata na'ura kuma mai ƙone iskar kabon mai guba da ragowar haidirojin. Na ko-ta-kwana su ne wasu gwangwanaye da ake kunnawa su ba da oksijin. Ɗaya daga cikinsu ne ya fashe a jirgin Birtaniya HMS Tireless a 2007 a ƙarƙashin ƙanƙarar Arewacin duniya, ya kashe sojoji biyu.

Dangantakar wannan da zancenmu: duk da na'urorin, iskar kabon a ciki ta ninka ta waje sau da dama, oksijin kuma akan bar shi ƙasa kaɗan da kashi 21 cikin 100 na waje don rage haɗarin gobara. Wanda bai ƙoshi da barci ba, a irin wannan iska, kansa ya fi yin nauyi. Abin da ke dawo da jirgin nukiliya gida ba iska ba ce, ba mai ba ne, abinci ne. Akan loda na kamar kwana 90, kayan lambu da 'ya'yan itace su ƙare a makonnin farko, a koma gwangwani da na firiza.

ƊanKamba
Namu na Najeriya wane tsari suke bi?

BarikinZuru
Najeriya ba ta da jirgin nitso ko ɗaya. A Afirka masu aiki da su Masar ce da Aljeriya da Afirka ta Kudu, kuma duk na dizal da batir ne, ba nukiliya ba. Nasu wahalar daban. Mutanen kaɗan ne, wasu jiragen 30 da 'yan kai, don haka a wasu kashi biyu ake yi. Jirgin yana tafiya da batir a ƙasa, in ya yi rauni sai a taso kusa da saman ruwa a ɗaga bututun shaƙar iska a tada injin dizal a yi caji. A bakin bututun akwai bawul da ke rufewa da kansa in igiya ta rufe shi. Injin kuwa bai san an rufe ba, sai ya zuƙi iskar cikin jirgi, kunnuwan kowa su toshe, bawul ya buɗe su sake buɗewa. In teku ta yi fushi haka za a yi ta yi awanni, ka gaya mini wa zai yi barci. Lokacin caji kuma batir yana fitar da haidirojin, wanda in ya kai kashi 4 cikin 100 na iska yana iya kamawa, don haka sai an tsaya a kan mitar. Jirgin Ajantina ARA San Juan da ya nutse da mutum 44 a Nuwamban 2017, saƙonsa na ƙarshe-ƙarshe ya ce ruwa ya shiga ta wannan bututun ya taɓa batir.

ƊanKamba
Inna lillahi. To Masar da Aljeriya ai Musulmi ne, ga Turkiyya da Pakistan da Indonesiya. Yaya ake salla ba a ganin rana?

MalamNaArgungu
Rashin ganin rana ba ya ɗauke lokaci. Lokacin salla yana bin wurin da mutum yake a doron ƙasa, kuma ana lissafa shi da agogo kamar yadda muke yi ranar hazo ko hadari. Abin lura shi ne, wasu jiragen suna saita agogonsu a kan lokacin Girinwich in sun nitsa, wanda muke gaba da shi da awa guda, ko da kuwa suna can wani ɓangaren duniya. To ba agogon bango za a bi ido rufe ba, a tambayi mai kula da hanya. In wurin sirri ne ba za a faɗa ba, sai a ƙaddara gwargwadon iko. Alƙibla ma haka, a fuskanta in an sani, in ba a sani ba a yi ijtihadi. Matafiyi kuma yana da rangwamen ƙasaru, kuma malamai sun yi bayanin haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha'i a halin tafiya. Wanda ke kan kujerar da rayukan mutane suka rataya a kanta ba zai tashi ba sai an karɓe shi. Allah ne mafi sani.

ƊanGwandu
Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. Amma in dawo da mu baya. Injiniya ya ce na Birtaniya awa 84 a mako. Mai gadin da na ambata, 12 sau 7, shi ma 84 ne. Ashe ban yi nisa da gaskiya ba.

TsohonSaje
A adadi kun yi daidai, kuma ba mai raina wahalar mai gadi. Bambancin, shi in ya tashi yana ganin rana, ya ga iyalinsa, kuma awa 12 ɗin hutunsa a dunƙule take. Sannan in ya yi gyangyaɗi abin da za a rasa dukiya ce. A Maris 2009 jirgin nitso USS Hartford ya yi karo da wani jirgin yaƙin Amurka, USS New Orleans, a mashigin Hormuz da tsakar dare, sojoji 15 suka ji rauni. Binciken ya gano sakaci, har da masu duti da aka san suna barci a kan aiki ba a hukunta su ba.

MaiSona_Yauri
Baba Saje, a nan zan ɗan ja. Rahoton Hartford ya fi ɗora laifin a kan shugabanci da sakin ladabi, ba jadawali ba. Kuma kada mu mai da kowane haɗari na gajiya. USS San Francisco da ya daki dutsen ƙarƙashin teku a Janairun 2005 yana gudu sosai, soja ɗaya ya mutu, matsalar taswira ce da shirin hanya. Gajiya ba kasafai take zama sanadi ita kaɗai ba. Abin da take yi, tana sa mutum ya ga alama ya kasa tambaya.

TsohonSaje
To ai mai barci a kan duti, ko ka kira shi rashin ladabi, sai ka tambayi awa nawa ya samu jiya. Barci ɓarawo ne, ba ya jin tsoron kwamanda.

BarikinZuru
Akwai wani ɓangaren da ba a taɓo ba, tsawon tafiyar. Jiragen da ke ɗauke da makaman nukiliya masu cin dogon zango, Amurka tana ba kowanne tawaga biyu, Shuɗiya da Zinariya. Ɗaya ta fita sintiri na kwana 70 da 'yan kai, ta dawo a yi wa jirgi gyara na kusan wata guda, ɗayar ta karɓa. Faransa ma tawaga biyu take yi, Shuɗiya da Ja. Birtaniya tana da irin waɗannan guda huɗu a Faslane da ke Sikotland, kuma tun 1969 ba a taɓa yin ranar da babu ɗaya a teku ba. Wanda ke teku ba zai dawo ba sai wani ya fita ya karɓe shi. Da gyare-gyare suka riƙa jan lokaci, HMS Vanguard kaɗai ya yi kusan shekara bakwai a wurin gyara, sai sintirin da aka saba yi wata uku ya koma biyar, shida, har an yi waɗanda suka haura kwana 200. Duk tsawon nan jirgin ba ya aika saƙo don kada a gane inda yake. Iyali ne ke turo gajeren saƙo, kalmomi 120 a mako, a tace shi kafin a ba mutum, shi kuma ba halin amsa.

A tashar ma ba hutu ba ne. Injin nukiliya ba a barinsa ba mai tsaro ko a kashe yake, don haka kowane kwana uku ko huɗu mutum zai kwana a jirgi awa 24, gari ya waye ya ci gaba da aikin ranar.

NasTaDare
Tunda ƊanGwandu ya sako masu gadi da nas-nas, ga abin da za a iya ɗauka daga wannan ga masu tsara shifti a asibiti, kamfanin shinkafa ko gidan mai. Juyin ya tafi gaba: safe, yamma, dare, sannan hutu. Kada a mai da shi baya, wanda ya tashi 9 na dare a ce ya dawo 7 na safe, wannan shi ne kuskuren ranar awa 18. A bar aƙalla awa 11 tsakanin sauka da hawa. A halatta rintsawar minti 20 a tsakiyar dare bisa karɓa-karɓa, kada ta wuce haka don kada a faɗa barci mai nauyi. Shayi, kofi ko goro a farkon duti, a daina kamar awa 6 kafin kwanciya, don rabin kafeyin yana nan a jini bayan awa 5. Wurin aiki ya yi haske sosai, ɗakin kwana ya yi duhu. A miƙa aiki a rubuce, ba da baki kawai ba.

Bakabe_77
Hajiya, duhun ɗaki mai sauƙi na. A watan Afrilu garin ga zahi na wuce 40, ga ba wuta, ga yara na wasa tsakar gida. Wanda yat tashi aikin kwana barcin mi zai yi ƙarƙashin kwano da rana tsaka? Su can aƙalla suna da sanyi da duhu.

InjiniyanJega
Wannan kam ka fi su gaskiya, Malam Bakabe. Shi ya sa ni ban goyi bayan a kafe mutum a dare na dindindin a nan ba, ko da ya yi aiki a jirgi. A jirgi babu ranar da za ta warware sabon. A nan da ya fito da safe haske ya doki idonsa, agogon jikinsa ya koma na rana, ranar hutu kuma ga suna ga ɗaurin aure. Gara dare biyu ko uku a jere a sauke shi.

NasTaDare
Dare biyu ko uku yana buƙatar ma'aikata isassu, Injiniya. Sashen da ke da nas huɗu kacal, yi mini jadawalin mako guda da hutun awa 11 da dare uku-uku, ka turo nan mu gani.